Sun tunzura, ko an tunzura su?

Ran 26 ga watan Maris na shekarar 2025 aka ƙaddamar da kundin sabunta ƙasa, wanda ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa na Jamhuriyar Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tun daga ranar nan nauyin da ke kan kalmomin Hausa ya ƙaru. Kalmar da a da ake faɗinta a kasuwa ko a gindin bedi iska ta kwashe, yanzu ta kama hanyar shiga sanarwar gwamnati da takardun shari'a, inda kowane baƙi yake da hukunci a bayansa. Cikin kalmomin da ya kamata a zauna a duba su tun ba a kai can ba, «tunzura» tana sahun gaba, domin duk sa'ad da hankali ya tashi a wani gari ita ce ke fara fitowa daga bakin mai karanta labaru a rediyo, kuma saboda ita mutum yana iya kwana a gidan kaso.

Ma'anarta a bakin Bahaushe ba ta da duhu. A tunzura mutum shi ne a motsa masa zuciya har fushi ya taso ya rufe masa ido, ya aikata abin da ba zai aikata ba da an bar shi ya kwana da maganar. Ba a tunzura mutum ya yi dariya, ba a tunzura shi ya ba da sadaka ko ya je gaida marar lafiya. Abin da kalmar ke tasowa da shi kullum mai zafi ne: fushi, ƙiyayya, kishi, neman fansa. Tana kuma ɗauke da hanzari. Wanda ya tunzura ba ya neman shawarar kowa, ko hularsa ba ya tsayawa nema. Shi ya sa ta fi zama daidai a kan taro bisa mutum guda, gama a cikin taro kowa yana aron zafin na kusa da shi.

Amma akwai abin da kunne ke ji wanda alƙalami ba ya nunawa. Baƙaƙen nan bakwai kalma biyu suke ɗauke da ita. In an ce «wane ya tunzura samarin unguwa», murya tana farawa daga sama ta gangaro. In an ce «samarin unguwa sun tunzura», tana farawa daga ƙasa, ta hau a tsakiya, ta sake sauka. Rubutun boko da ake koyarwa a lakwal da ajin yaƙi da jahilci bai sa alamar hawa da saukar murya ba, saboda haka a takarda su biyun kamarsu ɗaya, sai abin da ke gaba da baya ya raba su. Haka «harzuƙa» take, haka «fusata». Ta farkon tana bukatar ɓangare uku: mai tunzurawa, wanda aka tunzura, da wanda aka tunzura shi a kansa. Ta biyun ba ta bukatar hannun kowa daga waje. Mutum ya ga abu ko ya ji abu, ransa ya ɓaci, ya tunzura. Wannan ɗan bambanci na murya yana iya raba hukunci biyu a kan tarzoma guda. Wanda ya ce «an tunzura su» ya riga ya ce akwai mai laifi a ɓoye, a nemo shi. Wanda ya ce «sun tunzura» cewa ya yi akwai dalili a fili, a dube shi.

Kalmar tana da ƴan'uwa da yawa, kuma kowace da halinta. «Zuga» daga maƙera ta fito. Yaron maƙeri yana zaune yana danna zugazugi, iska tana shiga ƙarƙashin gawayi, wuta tana ja har ƙarfe ya yi laushi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san iskar nan ba ita ke haifar da wuta ba. In gawayi bai kama ba, ko an yini ana zugawa toka kawai za ta tashi. Da aka ɗauko kalmar aka kai ta kan mutane ba ta bar wannan hali ba. Ana zuga mutum da abin da ke cikinsa tun farko, galibi girman kai, kuma da yabo ake yi: kai ne ɗan wane, kakanka bai taɓa juya baya ba, wa ya isa ya taka ka. Zuga tana da gidanta na halal. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975 ba a taɓa yin ta ba tare da makaɗa da maroƙa ba, kuma aikinsu ke nan su zuga ɗan kokowa har tsikar jikinsa ta tashi, ya fito fili yana kirari, ba wanda ya je kiran jandarma. Haka a wurin gayya, mai ganga yana bin bayan manoma yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya har a ƙare kuyya. Abin da ya hana wannan zuga zama ɓarna shi ne tana da da'ira: akwai alƙalin wasa, akwai lokacin tashi, wanda aka kayar ya kakkaɓe ƙasa ya jira baɗi. In ta fita daga da'irar ne take kashe aure ta raba zumunci, har a ce wane ya biye wa zuga.

«Ingiza» kuwa turawa ce da hannu, kuma karin maganar da ta fi fito da ita ta ƙasar nan ce tun daga tushe: ingiza mai kantu ruwa. Kantu gishirin Bilma ne da Fashi, wanda ayari ke ratso Tenere da shi bisa raƙuma. Mutumin da ya ɗauko shi a ka, aka ce masa ruwan ba zurfi, ya shiga, zai fito hannu wofi, mai ingizawa kuma yana bakin gaɓa ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Abin da wannan kalma ke nunawa shi ne rabon hasara, wato wa ya narke, wa ya tsira. «Hure kunne» a ɓoye ake yinta, a hankali, ga mutum guda, yau kaɗan gobe kaɗan. «Rura wuta» sai rikici ya riga ya kama. «Tsokana» ta bambanta da dukansu, domin mutum biyu kaɗai take bukata: mai tsokana kansa yake jawo wa fushin, alhali mai tunzurawa yana tada fushin ne ya nuna masa ƙofar wani.

Can gefe guda akwai kalmomin alheri, waɗanda su ma motsa zuciya suke yi: zaburar da mutane, ƙarfafa musu guiwa, kwaɗaitar da su, wayar musu da kai. A nan ne ma'aikacin biro ke tuntuɓe, domin Faransanci yana da kalma guda, «inciter», wadda ke aiki hagu da dama. Da ita ake rubuta cewa a sa iyaye su kai ƴaƴansu mata lakwal, ko manoma su sayi iri mai saurin nuna, da ita kuma ake rubuta laifin sa jama'a su ƙi juna. Wanda ya bi ƙamus ido rufe ya rubuta «a tunzura iyaye su sa ƴaƴa mata lakwal» zai ba ƙauye abin dariya na kwana bakwai. Wannan kuskure mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne wanda ake yi ta ɗaya hannun, sa'ad da aka ɗauki kiran da mutum ya yi don zaburar da jama'a aka rubuta shi da sunan tunzurawa.

Abin da ya faru a watan Janairu na 2015 ya isa a gwada kalmomin nan a kansa. Ran 14 ga wata jaridar Charlie Hebdo ta birnin Paris ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ran Juma'a 16 ga wata, bayan an sauko masallaci, tarzoma ta ɓarke a Damagaram, aka ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da majami'u. Kashegari Asabar ta kama a Yamai. Mutum 10 suka rasu a garuruwan biyu, ƴan sanda kuma suka ba da lissafin majami'u 45 da aka ƙone, ban da otal-otal da mashaya da makarantar Kirista da gidan marayu. Gwamnati ta sa makoki na kwana uku. To, sun tunzura ne, ko an tunzura su? Amsar gaskiya ita ce duka biyun, amma ba a kan abu guda ba. Ɓacin ran da Musulmi suka ji game da zanen nasu ne, ba wanda ya ara musu shi. A ranar Juma'ar nan an fito a Bamako da Dakar da wasu biranen saboda dalili guda. Sai dai tsakanin teburin mai zane a Paris da ƙofar majami'ar unguwa a Yamai akwai tafiya mai nisa, kuma fushi ba ya yin irin wannan tafiya shi kaɗai. Kiristan Nijar, wanda tare ake cin kasuwa da shi, tare ake zuwa suna da jana'iza, ba shi da hannu a zanen. Wurin da aka ɗauki fushin aka juya shi kan maƙwabci, nan ne «an tunzura su» ke da gurbi. Malamai da suka fito a talabijin na ƙasa suna kiran jama'a su kwantar da hankali ba su ce wa kowa kada ransa ya ɓaci ba; abin da suka hana shi ne ɓarna da zub da jini. Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu su ma ransu a ɓace yake da zanen. Ashe mutum yana iya tunzura kuma ya ƙi a tunzura shi.

Shekara goma kafin wannan an ga akasin haka. A farkon 2005 dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su garin alkama da madara da sukari, har da ruwan famfo da lantarki. Wannan kuwa a shekarar da fari da fara suka cinye amfanin gonar 2004, hatsi yana tsada, yunwa tana shigowa ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ƙungiyoyin farar hula suka haɗu suka yi gangami a Yamai a tsakiyar Maris, ran 22 ga wata kuma aka wayi gari kasuwanni a rufe, tituna ba kowa. Aka kama shugabanninsu biyar, aka tuhume su da ƙulla makirci ga tsaron ƙasa da kiran taro ba da izini ba. A cikin Afrilu aka sake su, aka zauna teburi guda da su, gwamnati ta janye harajin daga garin alkama da madara, ta sassauta na ruwa da lantarki. Uwargida ba ta bukatar mai zuga kafin ta san kuɗin cefane bai kai ba. Mutanen nan biyar sun yi kira, sun shirya, sun ba fushin jama'a rana da wuri. Amma gawayin ya riga ya kama kafin su iso, kuma abin da ya kwantar da shi gyaran doka ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Neman mai tunzurawa a bayan kowane motsi tsohuwar al'ada ce ta masu mulki, kuma ta girmi ƴancin kai. A ƙarshen 1905 da farkon 1906, da mutanen Kobkitanda a ƙasar Dosso suka yi wa Faransawa tawaye, sunan da aka riƙe shi ne na Alfa Saibu, malami makaho, wanda daga baya ya ƙetara zuwa Satiru kusa da Sakkwato, aka kashe shi a birnin Sakkwato. Ya fi sauƙi a ce wa'azin makaho ne ya ruɗi talakawa bisa a rubuta cewa haraji da aikin tilas da ƙwacen hatsi da dabbobi sun ishe su. «An tunzura su» kalma ce mai daɗi ga mai riƙe da mulki a kowane zamani, domin tana wanke shi, tana kuma mai da talaka yaro wanda ba ya fushi sai an koya masa.

Amma kada wannan ya sa a ce mai tunzurawa tatsuniya ne. A ƙarshen Oktoba na 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rikicin manomi da makiyayi a Toda cikin jihar Maraɗi ya rikiɗe ya zama kisan gilla: mutum fiye da 100 suka mutu, mafi yawansu mata da yara na Fulani makiyaya. A lokacin babu salula, babu intanet, gidan rediyo ma na gwamnati ne kaɗai. Daga baki zuwa kunne labari ya bi ƙauyuka, har faɗan mutum da mutum ya zama na ƙabila da ƙabila. Ɓarnar gona tana sa manomi ya tunzura, wannan sananne ne a kowace kaka. Amma ɓarnar gona ba ta kai mutum ga jaririn da ke goye a ruga sai an samu bakin da ya ce masa duk ɗaya suke. Dokar karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 sun bi ta wajen gawayin: kwamitocin filaye, shata burtali da makiyaya da mashaya, da ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa kowace shekara. Bakin kuwa aikin dokar hukunta laifuka ne.

Kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa gyara a 2003, ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 a ayarsa ta 102 ga mai nuna bambancin launi ko ƙabila, ko farfagandar ɓangaranci, ko abin da ya saɓa wa ƴancin addini, in abin yana iya haɗa ƴan ƙasa faɗa da juna. Wannan aya kusa take da «tunzura» ta Bahaushe, domin ɓangarorin nan uku suna cikinta. A watan Yuli na 2019 aka ƙara dokar laifukan intanet, wadda ta sa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa ga wanda ya ƙirƙiro ko ya miƙa wa wani ko ya watsa bayanin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a. A 2022 aka cire ɗauri daga laifin zagi da ɓata suna ta intanet; a watan Yuni na 2024 aka maido shi, aka kuma ɗaga hukuncin dagula zaman lafiya zuwa shekara 2 zuwa 5. Mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, dokar ba ta tsaya ga wanda ya naɗi maganar ba, ta haɗa da wanda ya tura ta gaba. Saƙon murya na WhatsApp ba ya bukatar iya karatu, yatsa guda ya isa ya kai shi zaure goma, kuma dattijon da ya tura shi don a ji yana cikin waɗanda ayar ta ambata. Na biyu, «abin da zai iya dagula zaman lafiya» ya fi «tunzura» faɗi nesa ba kusa ba. Labarin tsadar gero yana iya tada hankalin jama'a ba tare da ya nuna ƙofar kowa ba. In aka fassara wannan aya da kalmar «tunzura», an ɓoye wa mai sauraro faɗinta. Zai ɗauka ba ta shafe shi ba tun da shi bai zuga kowa ba.

An ga girman sha'anin salula a Fabrairu na 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Tarzoma ta tashi a Yamai da wasu garuruwa, ministan cikin gida ya ba da lissafin mutum 2 da suka mutu da 468 da aka kama, aka kuma yanke intanet na salula wajen kwana 10. Yankewar ta tsai da zugazugin kowa da kowa, na mai ɓarna da na ɗan kasuwa da na ɗalibi baki ɗaya.

Duniya ta daɗe tana neman ma'aunin da zai raba magana mai zafi da maganar da ke kashewa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan ƴancin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta wajabta a ayarta ta 20 a hana kiran ƙiyayyar ƙasa ko launi ko addini in ya kai ga tunzura mutane su nuna wariya ko gaba ko su yi ta'adi. A 2012 masana suka taru a Rabat ta Maroko suka fitar da abubuwa shida da alƙali zai duba: halin da gari ke ciki, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, nisan da maganar ta kai, da ko akwai alamar ɓarna za ta biyo baya. Mai gari da ke shari'a a zaurensa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shi ma abin da yake fara tambaya ke nan: wa ya faɗa, a ina, gaban wa, da wace murya. Maganar da mahaukacin kasuwa ya yi aka yi dariya, in ta fito daga bakin liman a kan mumbari ko ɗan siyasa a kan mota, ta zama wani abu dabam ko da ba a sauya baƙi ɗaya ba.

Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya kan kisan ƙare dangi na Ruwanda na 1994 ta bar darasin da ya shafi masu harshe irin Hausa. A Disamba na 2003 ta hukunta mutum uku na gidan rediyon RTLM da jaridar Kangura. A 2008 ta ɗaure mawaƙi Simon Bikindi shekara 15, kuma abin lura shi ne dalilin ɗaurin. Kotun ta yarda an yi amfani da waƙoƙinsa wajen rura ƙiyayya, amma abin da ta kama shi da shi kira ne da ya yi da lasifika daga cikin mota a watan Yuni na 1994, yana ce wa mutane su tashi su kashe Tutsi. Wato ta raba zugar mawaƙi da umurnin kisa, ba ta haɗa su a kwarya guda ba. Tun a 1998, a shari'ar Akayesu, ta riga ta ce in za a auna ko kira ya fito fili, sai an dube shi da idon harshe da al'adar waɗanda suka ji shi. A Ruwanda ta wancan lokaci in an ce «aiki», kowa ya san kisa ake nufi.

Hausa kuwa harshen habaici ne da zambo da karin magana, inda ake jifan kaza a sami zakara. «Ku tashi» tana iya zama a farka daga barci, ko a yi himma, ko a ɗauki makami. «Sai mun ga bayansu» a jajibirin zaɓe nufinta akwatin ƙuri'a. A bakin gonar da shanu suka shiga, in an ambaci sunan ruga, nufinta ya sauya. «A yi maganinsu» tana iya ƙarewa a gaban sarki, tana iya ƙarewa a maƙabarta. Ta ɗaya gefen kuma akwai wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Bagobiri yana kiran Bazabarme bawansa a tsakiyar tasha, Bafillace da Babarbare suna yi wa juna tsiya a gaban jama'a, kowa yana dariya, wannan wasa kuma yana cikin abubuwan da ke kashe faɗa a ƙasar nan. In aka kwashe kalmomin kamar yadda suke aka zuba su cikin Faransanci a kan takarda, babu dariyar, babu sanin wane ne taubashin wane, sai su fito da kamannin laifin aya ta 102.

Hanyar da magana ke bi kafin ta isa gaban alƙali ke nan. An faɗe ta da Hausa ko Zabarmanci ko Fillanci ko Tamajak, jandarma ko ɗan sanda ya saurara ya rubuta ta da Faransanci a takardar binciken farko, mai gabatar da ƙara ya karanta takardar ya zaɓi ayar doka, tafinta ya juya tuhumar zuwa harshen wanda ake tuhuma. Sau biyu maganar ta ƙetare kogi, kuma a kowace ƙetarawa wani abu yana iya narkewa kamar kantu. In mai rubutun farko ya ji «sun tunzura» ya rubuta abin da ke nufin «an tunzura su», ya ƙirƙiro mai laifin da za a shiga nema. In ya ji tsokana ya rubuta tunzurawa, ya ƙara mutum na uku da babu shi a wurin. In kuma ya ji umurnin ta'adi da aka lulluɓe da habaici ya rubuta shi a matsayin karin magana, ya sallami wanda ya kamata a riƙe.

Ranar da za a zauna juya kundin hukunta laifuka zuwa harshen ƙasa, masu aikin za su iske Hausa ta ba su kalmomi fiye da na takardar da ke gabansu, kuma kowace tana neman irin shaidarta. «Tada hankalin jama'a» tana neman a nuna hankalin wa ya tashi. «Haɗa faɗa» tana neman a nuna ɓangarorin biyu. «Zuga» tana neman a nuna yabon da aka yi da wanda ya biye masa. «Tunzura» tana neman sunaye uku a rubuce: wanda ya yi maganar, waɗanda ya yi wa ita, da waɗanda ya nuna musu ƙofarsu. In takardar tuhuma ta rasa ɗaya daga cikin ukun nan, wata kalmar za a nema, mai yiwuwa kuma wata ayar.